Maganin Damuwa da Fargaba: Ina Ƙarfinsa Ya Tsaya?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikaciyar jinya a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu.

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka.

Mace mai hawan jini takan faɗa a tsakar gida ba tare da jin komai ba, har ta nuna miki ƙwayar da take sha. Mai ciwon suga ma haka. Amma idan aka ɗora mace a kan maganin damuwa, sai ta ɓoye kwalin a ƙarƙashin katifa, in za ta yi tambaya kuma sai ta ja ki gefe a wurin biki ta rage murya: "Anti, wai maganin nan yana aiki kuwa, ko sa mutum barci kawai yake yi?" Yau tunda muna da yawa, bari in amsa wannan tambaya sau ɗaya da babbar murya.

Sai mun fara rarrabe abin da ake magana a kai. Damuwar yau da kullum daban, ciwon damuwa daban. Wadda kuɗin adashe ya zo ba ta haɗa ba, ko aka yi mata rasuwa, dole ta damu, kuma wannan ba cuta ba ce. Ciwon damuwa shi ne wanda ya zauna mako biyu ko fiye, kusan kullum: zuciya a ƙuntace, abin da ke faranta miki rai a da ya daina, barci ya lalace, abinci ba ya shiga ko kuma ya yi yawa, jiki a mace, kina ganin kanki ba ki da amfani, wani lokaci har kina fatan mutuwa. Ciwon fargaba kuwa shi ne zullumin da ba ya sauka, faɗuwar gaba ba dalili, zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa. Sau da yawa tare suke zuwa. Mu a nan ba kasafai mace ke zuwa asibiti ta ce tana baƙin ciki ba. Abin da za ta ce shi ne kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, ƙirjinta ya yi nauyi. Sai a yi ta ba ta maganin taifod da na olsa wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, miliyan 301 kuma ciwon fargaba, kuma mata sun fi maza yawa a duka biyun. Saboda haka wadda ke fama da shi a cikinmu ta sani ba ita kaɗai ba ce a ɗakin nan.

To, magani yana aiki? Yana yi. Sai dai ƙarfinsa matsakaici ne, kuma ba ya gaggawa. Bari in nuna muku yadda aka gane haka.

Idan masana za su gwada magani, sukan raba marasa lafiya gida biyu. Rabi a ba su magani na gaske, rabi a ba su ƙwaya mai kama da shi sak amma babu komai a cikinta, mu kira ta ƙwayar fanko. Mara lafiya bai san wadda aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Bayan mako shida zuwa takwas sai a ƙirga. Abin da ake samu a masu ciwon damuwa matsakaici zuwa mai tsanani shi ne: cikin mutum 100 da suka sha magani na gaske, tsakanin 40 zuwa 60 sukan samu sauƙi sosai. Cikin 100 da suka sha fanko, tsakanin 20 zuwa 40 su ma sukan samu sauƙi. Kun ga bambancin ke nan, kamar mutum 20 cikin 100 ne za a ce maganin da kansa ne ya ɗaga su.

Wata za ta ce, yo ta yaya fanko zai ba da sauƙi? Ai ba ƙwayar ba ce kaɗai. Wadda ta shiga gwaji an zaunar da ita an saurare ta, an ce ta dawo mako mai zuwa, ta sa rai za ta warke. Ga shi kuma ciwon damuwa yakan yi sauƙi da kansa a wasu mutane idan lokaci ya ja. Waɗannan duka suna cikin lissafi, kuma ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bincike mafi girma da aka yi a kan wannan tambaya ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a 2018, ƙarƙashin jagorancin Andrea Cipriani na Jami'ar Oksfod a Ingila. Sun tattara gwaje-gwaje 522 da suka ƙunshi mutum 116,477, a kan magunguna 21. Duka 21 ɗin sun fi fanko aiki, amma yawancinsu da tazara ba mai yawa ba. Wasu binciken kuma sun nuna cewa amfanin ya fi fitowa fili ga mai ciwo mai tsanani. Ga wadda nata mai sauƙi ne, bambanci tsakanin magani da fanko kaɗan ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a fara da ƙwaya a irin wannan hali. Ni a wurina wannan magana ce mai kyau. Ba kowace mace da ta zubar da hawaye ba ce ke buƙatar kati da ƙwaya. Amma wadda ta kasa tashi ta yi wa yaranta wanka, ta daina fita sana'arta, ta rame, hana ta magani zalunci ne.

Akwai wani abin da ya kamata ku sani don kada gwiwa ta yi sanyi. A wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum kusan 4,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kimanin mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke sarai da magani na farko da aka ba shi. Sauran sai da aka canza musu, ko aka ƙara wani a kai, wasu suka dace a na biyu, wasu a na uku, wasu kuma suka ci gaba da fama. Don haka idan kin sha wata biyu yadda aka ce ba ki ga canji ba, ki koma wurin likita ki faɗa. Ba laifinki ba ne, kuma ba yana nufin naki ba ya jin magani ba.

Wataƙila kun taɓa ji an ce ciwon damuwa ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, magani kuma cike gurbinsa yake yi, kamar yadda ake ƙara wa mai ƙarancin jini jini. An daɗe ana faɗar haka saboda yana da sauƙin bayani. A 2022 wasu masana a Landan suka sake bin binciken da aka tara, suka ce babu gamsasshiyar hujjar cewa ƙarancin wannan sinadari ne ke kawo ciwon. An yi ta ka-ce-na-ce a kai. Maganin dai yana taɓa yadda sirotonin ke aiki, wannan tabbas ne, kuma amfaninsa ba daga wancan bayani aka samo shi ba, daga gwaji ne. Asalinsa ma tsintuwa aka yi. A shekarun 1950 likitoci suka lura masu tarin fuka da ake ba wani sabon magani sun yi ta walwala, wani likita kuma a ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya gwada wata ƙwaya don wata cutar daban sai ya ga masu damuwa ne take wa amfani.

Yanzu ga magungunan da za ku fi haɗuwa da su a asibitocinmu. Na farko amitiriftilin, tsohon magani ne tun farkon shekarun 1960, ga araha, kuma a binciken 2018 ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi. Da dare ake sha saboda yana sa barci. Yana busar da baki, yana sa bayan gida ya yi tauri, yana iya sa jiri idan kin miƙe da sauri, kuma ba a so ga mai ciwon zuciya. Babban abin tsoronsa shi ne idan aka sha da yawa a lokaci ɗaya yana kisa. A kulle shi nesa da yara, kuma idan mara lafiyar tana maganar mutuwa, wani ya riƙe mata ya riƙa ba ta na rana ɗaya-ɗaya. Na biyu fuluksetin, wanda aka fi sani da Prozac, an amince da shi a Amurka a ƙarshen 1987. Shi da 'yan uwansa irin su satiralin sun fi sauƙi a jiki, kuma su ne ake fara bayarwa ga ciwon fargaba ma. Sukan sa tashin zuciya da ciwon kai a makon farko, wasu su kasa barci. Akwai kuma abin da mata ke jin nauyin faɗa: yana iya rage sha'awar kusantar maigida. Ki faɗa wa likita, akwai abin da za a yi. Kada ki yi shiru ki jefar da magani, kada kuma ki yi shiru aure ya shiga matsala.

Abin da ya fi sa mutane watsar da maganin nan shi ne jinkirinsa. Illar tana riga amfanin zuwa. Mako na farko baki a bushe, ciki a hargitse, mai fargaba ma takan ji kamar abin ya ƙaru. Sauƙi kuwa sai mako biyu zuwa huɗu yake fara leƙowa, cikakken amfani sai mako shida ko takwas. Mu kuma mun saba da farasitamol, ki sha yanzu kan ya sauka kafin la'asar. Sai mace ta sha kwana biyar ta ce bai karɓe ta ba. Kuma sau da yawa mutanen gida ne ke fara ganin canjin kafin ita: ta fara cin abinci, ta yi kitso, ta tambayi ina yaro ya tafi.

Daga nan ne tarkon yake, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Akwai wasu ƙwayoyi da suke aiki nan take: Valium, Lexotan, da Rohypnol da matasa ke ce wa roci. Ki sha, cikin rabin awa gaba ta daina faɗuwa, barci ya zo. Wace ce ba za ta so haka ba? Mai kemis zai ba ki ba tare da takarda ba, maƙwabciya ma za ta ɓallo miki biyu ta ce ita ma shi take sha. Waɗannan ƙwayoyi suna da wurinsu a hannun likita, na ɗan lokaci, mako biyu zuwa huɗu iyaka. Ba sa warkar da ciwon damuwa ko kaɗan, lulluɓe shi suke yi. Jiki kuma yana sabawa da su da wuri, ɗaya ta daina isa sai biyu, biyu sai huɗu. Ranar da babu, fargabar da ta dawo ta fi ta farko muni, ga rawar jiki, wani lokaci har da farfaɗiya. Ga tsofaffi suna kawo mantuwa da faɗuwa, kuma karayar ƙugu a jikin tsohuwa kun san abin da take nufi. Haka nan kodin da tiramol. Kun tuna a 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, bayan wani rahoton BBC. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a wannan shekarar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Da yawa cikin matan auren da na gani a wannan hali ba neman maye ne ya kai su ba. Barci suke nema, da ɗan hutu daga tunani. Da an gane ciwon tun farko an yi masa maganin da ya dace, da ba a kai nan ba. Wadda ta riga ta saba da irin waɗannan ƙwayoyi kada ta yanke lokaci ɗaya, ta zo a rage mata a hankali. Wadda kuma ke shan fuluksetin ko satiralin ta guji tiramol, haɗuwarsu na da haɗari.

Sai ku ce, to shi maganin damuwar ba ya kama mutum? Ba ya sa maye, ba ya sa ki riƙa kwaɗayinsa ko ƙara yawansa don jin daɗi. Amma jiki yana sabawa da shi, kuma idan aka daina kwatsam wasu kan ji jiri, da rashin barci, da saurin fushi, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai. A da ana raina wannan, yanzu likitoci sun yarda cewa a wasu mutane yana tsanani kuma yana daɗewa. Shi ya sa ake saukowa mataki-mataki cikin makonni ko watanni. Ƙa'ida ita ce bayan kin ji kin warke ki ci gaba da sha aƙalla wata shida. A Ingila an yi wani gwaji da ya fito a 2021 a kan mutum 478 da suka daɗe suna shan magani har suka ji sun isa dainawa. Cikin shekara ɗaya, ciwon ya dawo wa kashi 39 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba, da kashi 56 na waɗanda aka janye wa. Ku dubi lissafin ta fuska biyu. Ci gaba da sha yana ba da kariya. Amma kuma sama da kashi 40 na waɗanda suka daina lafiya lau suka zauna, don haka ba dole ne ya zama na har abada ga kowa ba. Da azumi kuwa, yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, likita zai iya mayar miki da shi sahur ko bayan buɗa baki.

Na ce zan dawo kan maganar sauraro. Ƙwaya ba ta biyan bashi, ba ta gyara halin miji, ba ta dawo da ɗan da ya rasu. Abin da take yi shi ne ta ɗaga mace daga kwance har ta samu ƙarfin fuskantar abin da ke gabanta. Ga ciwo mai sauƙi da matsakaici, zaman tattaunawa da wanda aka horar yana aiki daidai da ƙwaya, ga mai tsanani kuma haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai ya horar da dattawan mata, kakanni irin iyayenmu da ke gaban nan, suna zama a benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A harshensu na Shona sunan ciwon kufungisisa, wato yawan tunani, kamar dai yadda muke cewa. Da aka gwada tsarin a kan mutum 573, sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi. Ku lura fa, horar da su aka yi. Ba nasihar "ki yi haƙuri, kowa da tasa" suke yi ba. Addu'a kuma babu likitan kirki da zai hana ki, a haɗa ta da magani. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce wa mai ciwo ƙarancin imani ne ya jawo mata, wannan kalma tana ƙara danne ta.

Masu jego, ku da iyayenku ku saurara. Kuka da sauyin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce, ba ta son ɗaukar jaririn, ba ta barci ko da ya yi barci, to a kai ta asibiti. Fiye da mace ɗaya cikin goma na samun wannan a lokacin ciki ko bayan haihuwa. Akwai maganin da ake sha ana shayarwa, satiralin na cikin waɗanda aka fi zaɓa. Wadda ta samu ciki tana kan magani kada ta daina da kanta, ta je a duba tare. Idan kuwa mai jego ta fara sambatu, tana jin muryoyi, tana cewa jaririn ba nata ba ne, wannan na gaggawa ne a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da shi.

Abu biyu kuma a gurguje. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25, a makonnin farko na shan maganin wasu kan ƙara samun tunanin cutar da kansu, hukumar magunguna ta Amurka ta sa wannan gargaɗi a jikin kwali tun 2004 ga yara, ta faɗaɗa shi a 2007. A sa musu ido, a kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga inda hannu zai kai. Sannan ki gaya wa likita idan an taɓa samun lokacin da kika yi kwanaki ba barci amma ba gajiya, ga yawan magana da ɓarnar kuɗi, domin wannan wani ciwo ne daban, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi. A kuma duba jini da maƙogwaro, don ƙarancin jini da matsalar da ke kawo maƙoƙo suna iya yin kama da ciwon damuwa.

Ina za a je? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, amma ba sai kin ga ɗayansu za a fara miki ba, likitan babban asibiti na iya farawa ya tura ki gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sashe a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Shiga can ba ya nufin hauka. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin mara lafiya da sirrinsa.

Hajiya shugaba, ina da roƙo ga kwamiti. Yawancin matan da na ga sun yanke magani a tsakiya, kuɗin wata na uku ne ya gagara, ko kuɗin mota zuwa asibiti. Asusun taimakonmu da muke taɓawa don haihuwa da tiyata, a yarda ya shafi wannan ciwo shi ma, kuma mace ta iya nema ta hannun mutum ɗaya ba sai an karanta sunanta a taro ba. Idan kuma an samu mata huɗu ko biyar da ke son koyon irin zaman sauraron da na ambata, su ba sakatariya sunayensu bayan an tashi, sai mu nemi wanda zai horar da su.